Harawar da Baba Sidi Bai Roƙa Ba

Talata, 15 ga Afrilu, bayan la'asar

Kwana takwas ke nan Inna ba ta yi mini magana ba. Tana amsa gaisuwata, ban ce ba ta amsawa ba. "An tashi lafiya?" "Lafiya lau." Shi ke nan, sai ta juya ta ci gaba da tankaɗenta. Tuwona yana zuwa a kan lokaci, a rufe da faifai, da zafinsa. Da ma zagina ta yi, da na san ta inda zan kare kaina.

Littafin nan na saye shi ne don babi na uku na memuwar ɗina, kundin binciken da zan kai jami'a kafin damina. Na juyo shi ta baya ina rubuta wannan, don in ban faɗa wa takarda ba, wallahi zan faɗa wa wani a gidan nan abin da ba zai yi daɗin ji ba.

Ga abin da ya faru. Baba Sidi ya zo. Makiyayi ne daga arewa, wajen Tenhya, aminin marigayi mahaifina Malam Tanko tun kafin a haife ni. Kowace shekara in an cire amfanin gona, a gonarmu shanunsa suke sauka, su ci kara, su bar mana taki. Bana sai ga shi shi kaɗai a kan raƙumi, tsakiyar bazara, lokacin da bai saba zuwa ba. Ya kwana biyu, ya sha shayi, ya yi wa Babana addu'a, ya tafi. Kwana biyu da tafiyarsa motar wani ɗan kasuwa daga Tanut ta zo ta kwashe harawar da ke kan rumfarmu, ta wake da ta gyaɗa. Na riga na gama magana da mutumin tun kafin Baba Sidi ya iso. Masu kiwon ragunan layya suna neman harawa ido rufe, ni kuma kwamfutata ta mutu, kuma ba a karɓar memuwar da rubutun hannu. Na sayi wata.

Harawar tamu ce. Ni ne babba a gidan nan yanzu. Kuma Baba Sidi bai roƙe ni komai ba.

Laraba, 16 ga Afrilu, azahar

Zafi. Ban rubuta ko layi ɗaya na babin ba.

Alhamis, 17 ga Afrilu, ƙarfe biyar na yamma

Na dawo daga lakwal, makarantar da nake koyarwa a Gangara, na koya wa 'yan aji uku jam'in da ba ya bin ƙa'ida har muryata ta dushe. Na zauna gaban kwamfuta. Inna ta wuce ta bayana da tulu, ta ɗan tsaya, ta ce wa ƙanena, "Mailafiya, kauce wa Ustazu hanya, kada ka taka masa ilimi." Da Mailafiya take magana wai. Ni dai ɗan fari ne, ba ta taɓa kiran sunana ba, amma Ustazun nan sabo ne, kuma na san da wane baki aka faɗe shi.

Bari in rubuta abin da aikin nawa yake a kai, ko hankalina zai dawo wurinsa. Ina nazarin hirarrakin da ke cikin wani ƙagaggen labari na Larabci, ina neman ma'anar da mai magana yake nufi alhali bai furta ta ba. Akwai wani Bature masanin harshe da ya ce duk masu hira suna bin ƙa'idoji huɗu ko ba su sani ba: ka faɗi gaskiya, ka faɗi daidai gwargwadon buƙata, kada ka kauce daga zancen da ake yi, kuma ka faɗa a fili. In mutum mai hankali ya karya ɗaya da gangan, mai sauraro sai ya ce a ransa, wannan ba mahaukaci ba ne, akwai abin da yake nufi. Sai ya nemo shi. Daɗin abin ga mai magana shi ne, in aka ritsa shi yana iya cewa, ni ban ce haka ba.

Babi na uku a kan wata hira ce guda ɗaya. Wani tsoho ya taso daga ƙauye ya je kantin ɗan ƙanwarsa a birni. Ana zancen farashin sukari, sai tsohon ya ce, "Rufin ɗakina bana ya sha ruwa." Ɗan ya ce, "Bana ruwa ya yi yawa ko'ina, kawu. A ƙara maka gahawa?" Na yi shafi goma sha ɗaya a kan jimlar tsohon. Na nuna ya kauce daga zance, na nuna ya faɗi ƙasa da abin da yake buƙatar faɗa, na kawo abin da malaman balaga na da suka ce a kan irin wannan hannunka-mai-sanda. Aiki ne mai kyau, ko maƙiyina ya gani zai ce haka.

Asabar, 19 ga Afrilu, hantsi

Mailafiya ya ce mini, "Yaya, me dai Baba Sidi ya ce maka a zaure?" Na ce ba ruwansa. Amma ga shi nan, zan rubuta daidai yadda ya faɗa, don a daina kallona kamar na yanka wani.

A kofin shayi na farko ya ce gobara ta tashi a dajinsu da kaka, ta ci ciyawa tun daga rijiyarsu har inda ido ya tsaya. Na ce Allah ya kiyaye gaba.

A na biyu ya ce shanu sun fara tauna tsumma da leda. Ya faɗa yana murmushi, kamar yana ba da labarin ɓarnar jikoki. Na ce Allah ya kawo damina da wuri.

A na uku ya bar shayin ya huce. Ya ɗaga kai ya dubi rumfa, ya ja amawalinsa sama har ƙarƙashin ido, ya ce, "Masha Allah. Tanko ya bar masu noma a bayansa." Na ce albarkacinku ne, Baba.

Ina roƙo a nan? A nuna mini. Labari ya ba ni, na ji labari. Yabo ya yi, na amsa yabo. Mutum yana da baki, yana jin Hausa sarai, da ita yake cin kasuwar Belbeji shekara arba'in. Kalma uku ce: ba ni harawa. Bai faɗa ba.

Litinin, 21 ga Afrilu, bayan azahar

Dokta Attahir ya kira, malamin da ke duba mini aikin. Ya karanta babin. Na ɗauka yabo zan sha.

"Ustaz Habibu," in ji shi, "ka yi wa kawu shafi goma sha ɗaya. Ɗan nasa fa? Ko layi ɗaya ban gani ba. Ya gane abin da tsohon yake nufi ko bai gane ba?"

Na ce, "Dokta, marubucin bai faɗa ba."

Ya yi dariya har da tari. "Da marubuta suna faɗa, da ni da kai muna gona yanzu. Hira mutum biyu ne. In ɗan ya gane, me ya kai shi zancen ruwa da gahawa? Rowa ce? Ko akwai abin da yake rufa wa tsohon? Ka je ka zauna da wannan. Ina son babin kafin goma ga Mayu."

Na ce to. Na kashe waya na jefa ta kan katifa. Mutum yana zaune a Damagaram ƙarƙashin fanka, ya rasa tambayar da zai yi mini a duniya sai wannan, kuma sai a wannan makon.

Talata, 22 ga Afrilu, asuba ta wuce

Wataƙila ɗan bai gane ba. Mutum yana iya samun abubuwa da yawa a kansa.

Juma'a, 25 ga Afrilu, bayan an sauko masallaci

Mailafiya ya dawo daga kasuwar dabbobi da ƙunshi a hannu. Ya haɗu da Hamidu, surukin Baba Sidi, mijin babbar 'yarsa. Su Baba Sidi sun gangaro kudu, suna zaune a rijiyar Aduwa, tafiyar wuni ɗaya da amalanke daga nan. Hamidu ya kawo shanu biyu sayarwa, mahauta suna kewaya su suna dariya, ɗaya ma sai da aka ɗaga ta da itace kafin ta miƙe. Mailafiya ya tambaye shi lafiyar garke, ya ce alhamdu lillahi. Daga baya wani mai fata ya gaya masa fatu shida ya saya a hannunsu cikin mako biyu.

Ƙunshin na Inna ne, daga Kadi matar Baba Sidi. Cuku ne, guda uku, sirara har kana ganin haske ta cikinsu. Shanu ba nono, amma sai da ta matse abin da ta matse ta yi wa ƙawarta tsaraba, don haka suka saba.

Inna ta kwance ƙunshin, ta duba, ta daɗe tana dubawa. Sai ta ɗauko faranti ta jera su, ta kawo ta ajiye a kan teburina, daidai gefen kwamfuta, ta fita.

Ban ci ba. Ban kuma iya ɗauke farantin ba. Haushi ya cika ni. Wannan ai mugunta ce, kuma ta san mugunta ce.

Lahadi, 27 ga Afrilu, ƙarfe goma na safe

Na gaji da mutanen nan, dukansu. Na gaji da ƙasar da mutum zai ga dukiyarsa tana mutuwa a gabansa ya ce alhamdu lillahi lafiya lau. Na gaji da uwar da za ta yi maka hukunci da faranti. Kowa yana magana ta gefen baki, kowa yana jira ka tsinci abin da ya yar, in ba ka tsinta ba kai ne marar tarbiyya. Sun ce kunya ce, sun ce mutunci ne. To shanu shida sun mutu da mutuncinsu.

Na tuna yadda Babana yake yi, abin har yana ba ni dariya muna yara. In shekara ta yi wa su Baba Sidi tsanani, sai Baba ya tsaya tsakar gida yana ƙorafi da ƙarfi: wai karan nan ya tare masa wuri, wai macizai za su shige ciki, wai Sidi don Allah ka taimake ni ka rabu da ni da shi. Baba Sidi ya yi ta ja, ya ce raƙuminsa ya gaji, sai an lallashe shi. In an gama ɗaurawa kuma Baba ne zai yi masa godiya. Manya biyu masu furfura suna wasan kwaikwayo a kan damin kara. Ni ba zan iya wannan ba. Ni ɗan makaranta ne, in kana so ka ce kana so.

Cukun yana nan. Ƙuda sun gano shi, na rufe da littafi.

Laraba, 30 ga Afrilu, la'asar

Inna tana sussuka a tsakar gida tana ba Mailafiya labari da muryar da za ta kai har ɗakina. Labarin shekarar da fari da fara suka haɗu suka bar rumbunmu wayam, ina da shekara tara. Wai wata safiya suka tashi suka tarar da saniya mai jego ɗaure a gindin aduwar ƙofar gida, da ɗan maraƙinta. Baba Sidi ya ce wai ta cika faɗa da sauran shanu, a taimaka a riƙe masa ita. Wata bakwai muna shan nononta. "Akwai wanda a lokacin ƙafafunsa kamar sillen kara," in ji Inna. "Ban san ko ya tuna ba. Masu karatu abin da ke cikin takarda suke tunawa."

Na tuna. Ja ce, da fari a goshi. Ni nake kai mata ruwa.

Na fito na ce, "Inna, in da magana ki faɗa mini ita a fuskata."

Ta dubi Mailafiya ta ce, "Miƙo mini tsintsiya."

Alhamis, 1 ga Mayu, ba lakwal, wajen azahar

Na buɗe babin na rubuta wa Dokta amsarsa: ɗan ya gane. Ya gane tun kafin tsohon ya rufe baki. Amsar da ya bayar ta yi daidai da yawa, ta yi sauri da yawa, wanda bai gane ba zai tambaya ne, wane rufi, yaushe, ya lalace sosai? Shi kuwa bai yi tambaya ko ɗaya ba, don ya san inda tambaya za ta kai shi. Sai ya ɗauki maganar a kan fatarta ya miƙa gahawa. Rowa ce. Abin da Dokta ya ƙara, wai ko akwai abin da yake rufa wa tsohon, wannan ƙawa ce irin ta malaman jami'a. Marowaci ne kawai mai ladabi.

Na rubuta shafi huɗu ban ɗaga kai ba. Sai na tsaya.

Ni ma ban yi tambaya ko ɗaya ba.

Na gane. Tun yana sauka daga raƙumi na gane, tun kafin a hura gawayin shayi. Mutumin da ba ya zuwa da bazara ya zo da bazara, shi kaɗai, da igiyoyin ɗaure kaya a naɗe a bayan sirdi. Na ga igiyoyin. Duk kofin da ya sha ina lissafa yadda zan amsa ba tare da na buɗe ƙofa ba, kuma na iya, don aikina ke nan, shekara biyu ina koyon inda ƙofar take. Da ya dubi rumfa na san abin da yake dubawa. Na ce albarkacinku ne, Baba. Na raka shi har bakin gari ina yi masa fatan sauka lafiya, igiyoyinsa suna lilo.

Makonni uku ina jin haushin Inna, da Dokta, da tsohon da bai yi mini komai ba. Yau na san wanda nake jin haushi.

Juma'a, 2 ga Mayu, bayan la'asar

Na sami Inna a madafa na durƙusa na ce mata zan je rijiyar Aduwa. Ta daɗe tana juya miya. Sai ta yi mini magana, ni, karo na farko.

Tana da harawar gyaɗa ta gayaunarta a kan ɗakinta, wadda take ajiye wa awakinta. Ta ce a sauke duka. Na sayo buhun dusa huɗu a Gangara. Muka tara sauran karan da ke bayan gida. Ba ta kai rabin abin da motar nan ta kwasa ba, amma ta cika amalanke har sai da aka hau aka danne.

Inna ta ce, "Mailafiya ya kai."

Na ce ni zan kai. Ni na yi, ni zan gyara.

Ta dube ni sama da ƙasa. "To ji nan. In ka je, ka ce ɗakina za a yi wa yaɓe kafin ruwa, ba mu da inda za mu sa kayan nan, a taimaka mana. Ka sauke a nesa da bukka. Ka sha abin da aka ba ka, ka gaida Kadi, ka juyo. Kada ka ƙara ko kalma."

Na ce, "Inna, ƙarya ce ai. Kuma ya san ƙarya ce."

"Ya sani mana," ta ce. "Kai dai faɗi."

Na ce to, don kada ta sake rufe bakinta. Amma ba zan yi ba. Wannan ɓoye-ɓoyen shi ya kawo mu nan. Na cuci dattijo da wayon baki, ba zan je in gyara da wani wayon bakin ba. Zan tsaya a gabansa in faɗi abin da na yi da sunansa, in nemi gafara kamar yadda Musulmi yake nema. Sau ɗaya dai a yi magana a fili a tsakanin gidajen nan biyu, a ga ko sama za ta faɗo.

Asabar, 3 ga Mayu, kafin fitowar rana

An ɗaura wa shanu amalanke. Raina wasai, rabon da in ji haka tun kafin Sallah ƙarama.

Litinin, 5 ga Mayu, hantsi

Ban je lakwal ba. Na aika wa direkta cewa ba ni da lafiya.

Jiya da magariba na shigo gari. Inna tana ƙofar gida. Ta dubi amalanken, kaya a kansa yadda ya tafi. Ba ta tambaye ni hanya ba. Ta ce, "Me ka ce masa?" Na gaya mata. Ta ce, "A gaban wa?" Na ce a gaban Hamidu. Ta dafa bango, ta zauna a ƙasa a wurin, ita da ba ta zama a ƙofar gida.

Zan rubuta yadda aka yi, sau ɗaya.

Na isa rijiyar Aduwa ranar Asabar da la'asar. Bukkoki uku, ƙasa fayau ba ko tsinke, shanu a tsaye a rana kawunansu a ƙasa. Da suka ji ƙanshin harawa sai suka fara ɗagowa ɗaya bayan ɗaya. Baba Sidi ya taso da kansa ya tare ni, ya riƙe hannuna da hannu biyu. "Ɗan Tanko! Marhaba, marhaba. Yaya Halima? Yaya zafi?" Halima ita ce Inna. Bai dubi amalanken ba ko sau ɗaya. Na sauke kayan a gefen rijiya. Kadi ta aiko da ruwa da ɗan gari a ciki. Aka shimfiɗa tabarma, Hamidu ya zauna can gefe yana hura gawayi, ya juya rabin bayansa, don a wurinsu suruki ba ya haɗa ido da uban matarsa, ko ci ba ya yi a gabansa. Na san wannan tun ina yaro, amma ko a jikina.

Baba Sidi ya ba ni hanya har sau biyu. Ya ce, "Halima tana gyaran gida ne kafin damina?" Na ɗauki kofi. Ya ce, "Kaya suna tare wuri, na sani. Tanko ma haka yake fama." Abin da ya rage mini kawai in ce e.

Na ajiye kofi na ce, "Baba, ba gyaran gida ba ne. Ranar da ka zo wurinmu, na san harawa ka zo nema. Na gane tun farko, na yi kamar ban gane ba, na sayar da ita. Ka zo da buƙata na mayar da kai hannu wofi. Na zo ka yafe mini."

Na faɗa da ƙarfi, don in ji kaina ina faɗa. Har na ji wani sanyi a ƙirjina.

Mafici ya tsaya a hannun Hamidu. A cikin bukka Kadi ta bar abin da take dakawa.

Baba Sidi ya ja amawali sama, a hankali, har sai idanunsa kaɗai. Ya ce, "Ɗan Tanko, rana ta buge ka a hanya. Ni gaisuwa na je. Na je in yi wa aminina addu'a, na yi, an karɓe ni da shayi, an raka ni har bakin gari. Ban nemi komai a gidan Tanko ba, ba a kuma hana ni komai ba." Ya juya wajen surukinsa, bai dube shi ba, ya ce, "Hamidu, ƙara wa baƙo shayi."

Baƙo. A wannan lokacin na ga abin da na yi. Muddin ban gane ba, bai roƙa ba, ba a kuma hana shi ba. Ya koma gida ya ce wa iyalinsa ya je gaisuwa, suka karɓa a haka, kowa ya riƙe masa. Abin da ya rage masa ke nan bayan shanu shida. Ni kuma na yi tafiyar wuni guda na zo na ƙwace shi a gaban mijin 'yarsa, don in ji sanyi a ƙirjina.

Na buɗe baki in gyara, in ce yaɓe, in ce ɗakin Inna. Ya ɗaga hannu kaɗan ya tambaye ni ko an fara ganin hadari ta wajenmu.

Sun yanka mini akuya. Na roƙe su kada su yanka, suka yanka. Na ci don ba yadda zan yi.

Da gari ya waye na tarar an kwance bukkoki, an ɗora wa jakuna da raƙumi. Wai sun ji labarin ciyawa ta yamma, wajen Belbeji. Babu wata ciyawa a wajen Belbeji, ni na sani, su ma sun sani. Kadi ta ba ni saƙon gaisuwa ga Inna, fuskarta a rufe. Baba Sidi ya riƙe hannuna, da hannu ɗaya wannan karon, ya ce Allah ya ba da sa'ar karatu. Na ce, "Baba, kayan nan fa? Don Allah. Ba don ni ba, don dabbobin." Ya ce, "Awakin Halima suna jira."

Hanyarsu ta gefen rijiya take, dole garken ya wuce ta gaban tulin harawar. Shanun suka karkata gaba ɗaya, suna tangaɗi, suna miƙa wuya. Hamidu ya shiga tsakani da sanda yana dukansu, yana dukan dabbobin da da ƙyar suke ɗaga ƙafa, yana kuka yana duka, amawalinsa ya faɗo bai ko mayar ba. Wata tsohuwar saniya ta zille masa ta cafko cikin baki guda.

Baba Sidi ya tako a hankali. Ya dafa wuyanta, ya yi mata magana da yarensu ƙasa-ƙasa, kamar yana ba ta haƙuri. Ya sa yatsunsa a bakinta ya zaro harawar, har ɗan ganyen da ya manne mata a leɓe. Ya kawo ya ɗora a kan tulin, ya daidaita da tafin hannu, ya goge hannun a rigarsa. Sannan ya kora ta ta bi sauran.